Geron da za a kai taron Turai na Baba Audu ne

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku saurare ni tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

Ni malamin gona ne a ƙasar Gumel. Bara, ana tsakiyar fari, wani Bature masanin tsirrai ya kawo mini buhu biyu na sabon irin gero, ya ce in shuka a gonar gwaji kusa da Ɗanzomo, in auna abin da ya fito. Ya hau motarsa ya koma Kano. A lokacin mutanen da nake sahu ɗaya da su a masallaci rumbunansu sun ƙare, mata har tonon gidan tururuwa suke yi neman tsaba. In zauna ina gadin buhu? Wallahi kwance bakin buhunan na yi na raba musu, aka daka aka sha kunu. Da ruwa ya sauka na je wurin wani dattijo, Baba Audu, na ce, "Baba, a rufa mini asiri da iri." Ya ba ni cikin wanda ya ɓoye a tulu, na shuka a gonar gwajin, ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan irin Baturen.

Duk da ƙarancin ruwa geron ya yi. Baturen ya zo lokacin girbi yana ta ɗaukar hoto, ko zangarniya ɗaya bai murza ya duba ba. Baba Audu ya matso ya ce mini, "Malam, yaushe geron kakana ya zama na Nasara?" Na ji kunya ƙwarai, amma kunya ba ta ciyar da mutane. Rabon geron nan ko gobe zan sake.

Yanzu Baturen ya aiko takarda, wai wata mai zuwa zai je babban taro a Turai, inda masana da manyan gwamnatoci ke zaɓar binciken da za a zuba wa kuɗi. Da awon da na rubuta masa zai tsaya gabansu. In suka yarda, baɗi za a raba irinsa daga Maigatari har Gagarawa, a ce manoma su bar nasu. Irin da ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙasarmu ba! Cikin masu taron nan wa ya taɓa wuni da yunwa? In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, ga 'ya'ya huɗu. In na yi shiru, Baba Audu zai cinye irinsa ya shuka nasu. Jama'a, me zan yi?