Sanarwar Rasuwar Shu'aibun Tchaké

Mayahi, 6 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da mutanen Tasawa. Na rubuto ne don in na kira ki a waya sauri kike yi, ga rezo na yankewa, sai in ajiye waya ban gane komai ba.

Shafin intanet ɗin da kika sa mana a ordinatar gidan rediyo, wato kwamfuta, yana aiki. Kominike, wato sanarwa, goma sha ɗaya na shigar da hannuna, cigiya da ɗaurin aure da rasuwa, kuma wani ɗan garinmu ya kira daga Libiya ya ce ya karanta su. Amma akwai abin da ya ɗaure mani kai. Kin ce ke kika gina shi, kuma kin ce a kan Jango kika gina. Wane ne Jango? Shi ma yana ganin abin da nake rubutawa? Sannan mene ne bambancin maɓallin "enregistrer" da na "publier"? Ni duka biyun nake dannawa, don kada a samu wanda na bari.

Ki ba Hamza direba amsa. Allah ya yi maki albarka.

Kawunki, Manzo

Tasawa, 9 ga Mayu

Ranku ya daɗe Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafarku ta yi sauƙi. Ku gaishe mani da Inna Sa'a.

Jango ba mutum ba ne. Kamar gida ne da wasu suka riga suka aza harsashinsa, suka sa ƙofofi da makullai, suka bar wa kowa ya ɗauka kyauta. Ni ɗakuna na yanka a ciki daidai aikinku: na cigiya, na aure, na rasuwa. Ba mai leƙa ku. "Enregistrer" ajiyewa ce, ku kaɗai ke gani. "Publier" kuwa duniya ta gani, don haka ku riƙa karantawa kafin ku danna shi.

Na kuma ƙara wata dabara. In kun sake shigar da sunan da ke ciki, ba zai fito sau biyu ba, zai gyara na farko ne.

Ɗiyarku, Ramlatu

Mayahi, 17 ga Mayu

Ramlatu,

Gaisuwa. Yau ba zan tsawaita ta ba, don muna cikin rikici.

Ranar Litinin aka kawo sanarwar rasuwar Shu'aibu Abdurrahamane na garin El Allassane Maïreyrey, dattijo mai shekara tamanin. Na shigar, na karanta sau biyu, na danna. Jiya sai ga wani mutum ya sauka daga kabu-kabu, ya shigo biro, wato ofishinmu, ko sallama babu, ya ce, "Kai ne diraktan? Dube ni da kyau. Na yi kama da matacce?"

Shi ma Shu'aibu Abdurrahamane ne, amma na Tchaké, wanda ya kawo cigiyar raƙumarsa makon jiya, har da hotonsa. Na buɗe ordinatar, ga hotonsa, ga sunan garinsu, a ƙasa an rubuta Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce tun Talata mutane ke zuwa gaisuwa a amalanke, suna tarar da shi yana gyaran gona. Wata gwaggonsa ta suma da ta gan shi.

Wallahi ban taɓa hotonsa ba. Na nemi sanarwar mamacin na gaske, babu ita. Cigiyar raƙuma ma babu. Ina suka tafi? Na ji tsoron sake danna wani abu, na kashe ordinatar, amma an ce har yanzu ana gani a waya. Yaya abu zai ci gaba da magana bayan an kashe shi?

Manzo

Tasawa, 18 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ku, ina kuma neman gafararku. Laifina ne, ba naku ba, ba na Jango ba. Dabarar nan da na yi alfahari da ita ce ta jawo. Na koya wa na'urar cewa suna ɗaya mutum ɗaya ne, sai ta ɗora rasuwar wancan a kan hoton wannan. Ni da na tashi cikin Ramlatu huɗu a aji guda, ban san yadda na manta ba.

Na cire dabarar, yanzu kowace sanarwa da lambarta. Amma goge ƙaryar sai daga wurinku, don ku kaɗai na ba makullin wallafawa. Ku kunna, ku shiga ɗakin rasuwa, ku danna "retirer". Na rubuta gyara da ban haƙuri, da sanarwar mamacin na gaske a ciki, yana ajiye, "publier" kawai yake jira.

Ɗiyarku mai jin kunya, Ramlatu

Mayahi, 19 ga Mayu

Ɗiyata,

Na sami takardarki, na gode. Ban danna ba. Karanta wannan da mushen lakwal na Tchaké, malamin makarantarsu, ya rubuta wa Shu'aibu, aka kawo mani da safe.

"Zuwa ga Malam Manzo, bayan gaisuwa. Ranar nan na yi maka faɗa, ka yafe ni. Ina roƙonka kada ka goge mutuwata tukuna. Ina da ƙane, Maikuɗi, yana Arlit. Shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba, tun da muka saɓa a kan rijiyar da mahaifinmu ya bari. Ko sunan ɗiyata bai zo ba. An gaya mani ya ga sanarwar, ya yi kuka a gaban mutane, ya shiga mota. Na san halinsa, in ya ji ina raye zai juya. Kwana uku kawai nake roƙo. Naka, Shu'aibu."

To Ramlatu, shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa barin ƙarya da sanina ba. Amma da wane ido zan dubi mutumin nan in hana shi? Na zauna gaban maɓallin har azahar. Wanda ya yi mani faɗa don na kashe shi, yau shi ke roƙon in bar shi a mace. Ke kika gina abin, ki gaya mani.

Manzo

Tasawa, 20 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta sau uku, ni ma kaina ya kulle. Na ɗauki alƙalami in ce ku bari, sai na tuna da ɗayan Shu'aibun. Kwana bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma a shafinmu bai mutu ba. In yana da ɗa a Libiya ko Abijan, har yanzu bai sani ba, bai yi masa addu'a ba. Iyalinsa sun kawo maku amana ne. Ga Maikuɗi kuma yana tafe yana kukan wanda ke raye.

Ban san ko daidai na faɗa ba, Kawu. Amma ku danna. In ya juya, ku ce wa Malam Shu'aibu ni ce, zan zo Tchaké da ƙafata in ba shi haƙuri.

Ramlatu

Mayahi, 22 ga Mayu

Ɗiyata,

Na danna. Jiya da la'asar wayar biro ta yi ƙara, wani ya ce daga tashar Damagaram yake kira.

Ya ce, "Gyaran nan gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, yayanka na nan da ransa."

Sai ya ce, "Malam, in na iso Mayahi, a ina ake samun mashin ɗin Tchaké?"

Na kwatanta masa. Ki gaida gida.

Kawunki, Manzo