Buhunan Honarabul da Ƙuri'ar Cocinmu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Admin don Allah ka ɓoye sunana, in ka karanta za ka gane dalili. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi.

Ni ɗan kasuwa ne, bari in fara da lissafi. Ina da mota biyu da ke jigilar hatsi tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka, sito ɗaya, mata da 'ya'ya huɗu, da coci mai rufin kwano wanda mahaifina na cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar gininsa. Sai ƙuri'a hamsin da uku na membobinmu, kusan duka a akwati ɗaya. Duk waɗannan sun dogara da maganar zaɓe da zan yi wa 'yan coci bayan sujadar ranar Lahadi, kuma tun da na fara kasuwa da kwano biyu na wake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Akwai mutumin da ke neman kujera a wajenmu, zan kira shi Honarabul. Harkar zinari yake yi, yana da injinan niƙa dutse a ƙauyuka. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Da aka hana mu filin maƙabarta, shi ya tsaya har aka ba mu. Da 'yan bindiga suka ɗauke mata biyu na zumuntar matanmu a hanyar Gwashi, waya ɗaya ya buga, kwana uku suka dawo gida. Babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi yake da lambar 'yan bindigar, ni ma ban tambaya ba, domin motocina da sunansa suke wuce wannan hanyar lafiya.

Bara buhu ya yi tsada, sai yaransa suka kawo mini buhuna an wanke su tas, da araha. Na san buhunan dutsen zinari ne. Ni da na ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Dareta, bai kamata in karɓa ba, amma na ce ai an wanke. Na saya, na sa musu alamata da jan fenti kamar yadda kowane mai hatsi ke yi don kada kaya su cakuɗe a tasha, na zuba gero da dawa. Direbana, zan kira shi Mamman, Musulmi ne, shekara goma sha ɗaya muna tare, na ba shi buhu biyu na gero kyauta da azumi. Bayan wata huɗu ɗiyarsa 'yar shekara uku ta fara jijjiga. A asibiti aka gwada jininta aka ce dalma ce. Tana da rai, amma yarinyar da ke tare ni a ƙofa tana cewa Baba ina alewata, yau ko Inna ba ta iya faɗi.

Na tattara buhunan da na samu na ƙone, na faɗa wa Mamman gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Daga nan na je wurin Honarabul na roƙe shi ya hana yaransa sayar da buhunan. Ya yi dariya, ya ce in zauna in sha ruwa, ya ce shi dutse yake niƙawa ba tuwo ba, kuma bai ɗora wa kowa bindiga ya saya ba. Sannan ya rage murya ya ce, Dattijo, in maganar nan ta fita, alamar wa ke jikin buhunan da aka ci geronsu? Ya ce in yi tunanin yadda gari zai ji cewa Kirista ya sayar da hatsi mai guba da azumi. Na tashi na fito. Har yau buhunan na shiga kasuwa, ina ganinsu ina kau da kai.

Yanzu zaɓe ya zo. Ya aiko da gaisuwa coci, ya ce ya san mutanensa ba za su ba shi kunya ba. Ku da ke birni za ku ce ƙuri'a sirri ce. A wajenmu a gaban kowa ake ƙirga akwati, ejan ɗinsa na tsaye, kuma kowa ya san akwatin unguwarmu na 'yan coci ne. Abokin takararsa tsohon malamin makaranta ne, ban san shi da wani mugun abu ba, amma ko sau ɗaya bai taɓa leƙo mu ba, kuma ko kaza aka sace ba na jin zai iya dawo da ita.

Dattawan ikilisiya sun ce ni na fi sanin Honarabul, ni zan gaya wa jama'a inda za mu dangwala. Fasto ya ce ba limamin coci muke zaɓa ba, kuma sarakunan da Allah ya yi aiki da su a dā ba duka ne masu tsabta ba. Ban musa ba, amma Fasto bai san zancen buhu ba. Matata ta sani, mun kwana biyu ba ma magana. Ta ce mai shan giya ko mai neman mata daban, wanda ke kashe yaran mutane yana sane daban, kuma in na tsaya gaban bagade na kira sunansa, ita ba za ta ƙara zama kusa da ni a jibin Ubangiji ba. Da na ce mata to in aka ɗauke ɗaya cikin 'ya'yanmu wa zai buga waya, sai ta fashe da kuka. Shi kuwa Mamman, shekaranjiya muna lodi ya ce mini, Oga, ni ban ce ka yi komai ba, amma ranar zaɓe zan tsaya in ji yadda akwatinku zai fito.

Na yi tunanin in yi shiru a coci in lalata tawa ƙuri'ar. Amma shiruna ma umarni ne, za su zaɓe shi suna zaton mutumin kirki ne, ni kuma na sani.

Ga yadda lissafin ya tsaya mini. In na ce a zaɓe shi, motoci, sito, hanya da coci duk suna nan, na rasa matata a zuci, na rasa Mamman, kuma duk yaron da ya ƙara cin geron buhun nan da hannuna a ciki. In na faɗi gaskiya, wataƙila in rasa duk abin da na lissafa a sama, kuma ba ni kaɗai ba, har da mutum hamsin da biyu da ba su sayi buhu ko ɗaya ba.

'Yan'uwa, Kirista zai iya dangwala wa irin wannan mutumin don ya tsare nasa, ya kuma durƙusa ya yi addu'a da wannan yatsan? In ba zai iya ba, ina da ikon jefa coci duka cikin haɗari don in wanke laifin da ni na yi? Ku gaya mini abin da zan faɗa ranar Lahadi.