Dalmar Yaya da Ɗakin Kimiyya

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ciwon bayan nan naka? Don Allah ka daina ɗaga batiran motoci kai kaɗai.

Bayan haka, buƙata ce ta kawo ni. Shugaban makarantarmu zai karɓe ɗakin kimiyya ya zuba karyayyun kujeru, wai ba abin da nake yi a ciki sai surutu da ɓarnar alli. Na ce ya bari in nuna masa abu ɗaya, gani ya kori ji: kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon jansa.

Na rataye sanda da siririyar waya, ƙaramin ƙarfe a kowane baki, ɗan madubi a tsakiya yana jefa hasken tocila a bango, in curi ko bulo ya ja ƙarafan sandan ya juya, hasken zai matsa. Na ajiye bulo kusa da ƙarafan, hasken ko gezau. Ban karaya ba, bulon ne bai kai ba. Ka narka min dalmar tsofaffin batiranka, curi huɗu manya. Kada ka ce taurin kaina ya motsa, a wurinka na koya.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Allah ya ƙara sauƙi. Dalma ta iso, sai da malamai biyu suka kama min.

Shugaba ya zo yana duba agogo. Na hana shi shiga, don ko iskar rigarsa za ta kaɗa sandan, ya tsaya a taga yana huci. Na matso da curi biyu kusa da ƙarafan na fito.  Can sai hasken ya fara rarrafe, ya wuce layin allin da na zana.

Ya ce iska ce. Na ƙara sauran biyun, na nuna masa inda hasken zai tsaya, ninkin na farko. Muka jira har ƙafafunsa suka gaji. Daidai nan hasken ya tsaya, Yaya!

Ya juya ya tafi. Da safe na tarar da kafinta yana toshe ramin tagar ɗakin, wai Shugaba ya ce kada iska ta ɓata wa Malama aiki.

Taka har kullum,
Auta