Allon Hana Bindiga a Ƙofata

Zuwa ga Yayata Verna,

Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa da kewa gare ki da maigidanki Orrin da yara. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, sanyin Alaska bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare Orrin duk ranar da ya fita kamun kifi a teku. Mu ma nan Texas lafiya lau, sai zafi. Ciwon bayan maigidana Royce ya yi sauƙi, har ya koma cika mini kunne da surutu. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda ko katin Kirsimeti sai an yi da gaske. Na kira ki ya fi sau biyar da niyyar faɗa miki, da na ji muryarki sai in ɓige da hirar ruwan sama. Maganar Baba ce.

Kin san tun rasuwar Mama, ƙarfe bakwai na safe a gidan abincina take yi masa. Teburin bakin taga, shi da Delbert da sauran tsofaffin abokansa, ƙwai biyu, burodi da romo, baƙin kofi. Abincin kirki da yake ci a yini ke nan, don na sha buɗe firjinsa ba na samun komai sai madarar da ta lalace. Bindigarsa kuwa tana ƙugu, yadda muka buɗe ido muka gan ta tun yana aikin ɗan sanda.

A watan Afrilu ya shiga ban ɗaki, ya zare ta ya ɗora kan tankin ruwa kamar yadda mazan nan ke yi, ya fito ya bar ta. Ni na gani, na mayar masa cikin wasa, muka yi dariya. Bayan mako uku ya sake. Wannan karon Ofelia, mai kai wa mutane abinci, ita ta tsince ta cike da harsashi, ga wata mata da 'yarta ƙarama tsaye a bakin ƙofa suna jiran shiga. Ta naɗe ta a tawul ta kawo mini kicin. Na leƙo, sai ga Baba yana kurɓar kofi yana zuba labari, kuben wayam, bai ma sani ba. Na lallaɓa na saka ta a aljihun motarsa, har yau bai tambayi yadda aka yi ta je can ba. Yaya, ba wannan kaɗai ba ne. Sau biyu yana kirana da sunan Mama, ran nan kuma hanyar coci ta ɓace masa.

To me zan yi? Wa ya isa ya dubi babanmu Hollis Pruitt ya ce ya ajiye bindiga? Kuma ba zan iya tona wa gari cewa kan mahaifinmu ya fara juyewa ba. Sai na hana kowa da kowa shigowa da bindiga. Na sa aka yi allon nan da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, manyan baƙaƙe, ya cinye rabin gilashin ƙofa. Duk wanda ya tambaya in ce masu inshora ne suka matsa. Delbert ya tsaya ya karanta, ya leƙo da kai ya ce, "Nadine, yaushe kika koma 'yar Kalifoniya ba mu sha biki ba? Gobe kuma sai ki hana mu naman sa ki ba mu ganye!" Ya kwashi 'yan teburinsa suka koma shan kofin gidan mai. Wasu sun ce siyasa na shiga. Mai kantin magani da ke kusa da ni ce kawai ta dafa ni, ta ce ita ma nata allon ba siyasa ba ce, bindiga ce ta taɓa faɗowa daga jakar wata ta huda mata firji. Royce kullum cewa yake in faɗi gaskiya in huta. Da sauƙin faɗa, ai ba ubansa ba ne.

Na zaci Baba zai riƙa barin ta a gida ya zo ya ci abincinsa. Ashe ban san ubana ba. Ya karanta allon daga sama har ƙasa, ya gyara hula, ya juya. Doka dai ba zai taka ba, a mota kuma ya ce ba zai bar ta ba ɓarayi su fasa gilashi su ɗauke, gida kuwa ya ce gara ya fito ba wando. Sai ya koma zuwa da akori-kurarsa ƙarfe bakwai, ya faka a tsallaken titi ya zauna yana kallon ƙofar. In na kai masa faranti ya ce shi ba direban tirela ba ne da zai ci a mota. Mako biyar muna haka. Ya rame har ya ƙara huji a bel ɗinsa. Ni da na kafa allo don in rufa masa asiri, ni na hana shi abinci, kuma in na cire ban san hannun wa za ta faɗa ba a karo na uku.

Ranar Laraba da ta wuce ya yafito ni da hannu. Ashe matar nan mai ƙaramar 'ya ta ga abin da Ofelia ta naɗe, ta ba da labari a coci, ya zagayo har kunnensa. Ya ce, "Auta, ki yafe mini, na ɗauka raina mu kika yi. Ashe wani sakarai ne ya bar bindiga a ban ɗakinki." Ya ce daidai na yi. Ya ce mutum irin wannan, in yana da 'ya'ya kuma suka zuba masa ido ba su ƙwace ta ba, to 'ya'yan banza ne, ko ɗaure shi za su yi su karɓe. Sannan ya ce in faɗa masa sunan mutumin, shi da kansa zai je har gida ya karɓo. Ina nan tsaye da faranti a hannu. Da ƙyar na ce matafiyi ne, ban san shi ba. Ya girgiza kai, ya karɓi farantin ya cinye tas.

Yanzu yana ci, na gode Allah. Amma ya ce irin waɗannan sukan dawo, don haka ya ɗauki gadin ƙofata. Yau kwana shida yana zaune a mota, bindigar a kan kujerar gefensa, yana ƙare wa duk baƙon namijin da ya nufo ƙofa kallo. Jiya ya fito ya tare wani mai kawo mini fulawa yana yi masa tambayoyi. Tsoro nake ji, Yaya, kuma dabara ta ƙare mini. Ke ce babba, ke kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ki zo, ko na mako guda ne, mu zauna gabansa mu biyu. Ban san abin da za mu ce masa ba, amma ni kaɗai ba zan iya ba.

Ki gaishe mini da Orrin, da yaranki Tessa da Wade, da surukarki Inna Maybelle. Royce da Ofelia suna gaishe ki. Na faɗa wa Baba ina rubuto miki, ya ce in gaishe ki da kyau, kuma kada ki damu da ni, yana nan yana kula da ni.

Taki ƙanwa,
Nadine