Gefen Hagu na Allo

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Kin san ni da Dogo, abokin aikina, mun daɗe muna raba allo ɗaya a ofishinmu na jami'a: dama nasa, hagu nawa. Aikinmu koya wa kwamfuta kintatar inda ruwa zai bi idan kogi ya cika. Ba ta ba da amsa cif, sai kusa-kusa, kuma ɗan kuskure yakan yi ta girma har lissafi ya watse. A al'adarmu, idan ɗaya ya yi abin kirki a allo, ɗayan zai zagaye shi ya rubuta "Kada a goge".

To, an kawo mana sabon dakta, wato mai digirin digirgir. Ina shigowa sai ga lissafinsa a hagu, zagaye da allin Dogo. Yaya, kishi ya kama ni. Na sha tsokanarki cewa kishi na mata ne, yau ki rama. Ba ni da aiki yanzu sai farautar kuskurensa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi.

Na kama kuskuren! Dabararsa na da kyau, na faɗa ko da ba na so, amma da zarar ruwa ya yi sauri sai ta birkice. Na yi niyyar yin gum har ranar da zai gabatar da ita ya ji kunya, amma hannuna ya ƙi. Na rubuta gyaran a ƙarƙashin nasa, na tafi aji.

Na dawo na tarar an zagaye gyaran da "Kada a goge". Zuciyata ta yi fari tas. Sai Dogo ya jawo hannuna yana nuna mini, yana ta koɗa basirar dakta, wai ya gano kuskurensa da kansa.

Shekarun nan duka, Yaya, bai gane rubutuna ba. Ashe a wurinsa hagu ya riga ya tashi daga nawa.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Auta