Anci Ya Ɗauki Gidan Uwarsa

Litinin, 5 ga Mayu

Wasan ƙarshe na cin kofi sai ran sha takwas ga wata. Wasanni biyun da suka rage a gasar shekara kuwa, mu ci ko a ci mu, muna nan a na bakwai kamar an kafa mu da ƙusa. Saboda haka Koci Darwis ya ce taurarinmu uku su huta. Biyu sun yi murna. Anci, wanda ke ci mana ƙwallaye, ya tsaya yana kallon takalmansa kamar an ce ya bayar da su sadaka.

Koci ya so a ajiye su a masauki a nan cikin gari. Ni, mai shekara ashirin da biyu ina tausar ƙafafun ƙungiyar nan, na ce a tura su gida, babu maganin gajiya irin shinkafar uwa. Har na kawo masa hujja daga wani tsohon littafin matuƙan jirgin ruwa, wai jirgi ba ya hutawa a tashar baƙi. Ban tabbata haka take a littafin ba. Koci ba ya karatu, ya yarda.

Laraba, 7 ga Mayu

An ci mu ɗaya da nema. 'Yan kallo ba za su cika kwale-kwale uku ba. Na zauna a benci ina bin gajimare da ido tun daga teku har bayan tsauni. Hannuwana sai ƙaiƙayi suke yi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Masallaci, shayin citta, littafi, barci.

Litinin, 12 ga Mayu

Da sassafe Anci ya zo gidana maimakon fili. A karkace ya shigo, kamar ƙaguwa.

Ashe ran Juma'a aka tayar da gidan uwarsa, na katako a kan ginshiƙai, daga bakin kogi, inda ruwa ke shiga ƙarƙashinsa duk damina, zuwa gindin tudu. Yadda aka saba: ana saukowa daga masallaci aka ɗaura gorori a ginshiƙan, maza fiye da ɗari suka sa kafaɗa. Kuma tun da shi ne ƙaƙƙarfan da ake gani a talabijin, sai suka ba shi kusurwar gaba. Wajen saukewa ya ji wani abu ya ce ƙas a bayansa. Ya zauna ya sha miyar da mata suka dafa wa masu ɗauka, yana murmushi, yana zufa.

Na ce ai da ya tsaya gefe.

"Kawu, a cikinsa aka haife ni. Liman da farin gemunsa ya shiga ƙarƙashi. Ni in tsaya ina ɗaukar hoto?"

Ni na tura shi.

Ya roƙe ni kada Koci ya ji. Kwana shida ne, in shafa mai, in ɗaure shi tamau kamar yadda na saba yi wa wasu. Ya san na iya. Kowa ya sani.

Duk yinin nan gidan ne a idona: yana tafe a kan karan shinkafar da aka girbe, da ƙafafu ɗari biyu, labulen taga yana kaɗawa, tsohuwa a baya rungume da tukunyarta. Na karanta labarin biranen da suka nutse da jiragen da suka ɓace, amma ban taɓa tunanin gida zai karya mini ɗan wasa ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na gaya wa Koci cikin Anci ne ya ɓaci. Ya ce, to, ga shinkafar uwa nan.

Na tausa Anci sau biyu a ɗakina. Babban yatsana ya samu wurin. Ba nama kaɗai ba ne, zafin yana gangarawa har dunduniya. Na san irinsa. Na yi kamar ban sani ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kasuwar kifi. Na yi karo da Haeruddin, mai tsaron bayan da na ɗaure ya buga wasa da ciwo shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da muka ɗauki kofin nan. Hotonsa yana rataye a ofis, yana daka tsalle. Yanzu in mai saye ya nuna kifin da ke cikin kwando a ƙasa, matarsa ce ke sunkuyawa.

Ya yi murnar ganina ƙwarai. Ya ƙara mini kifi ɗaya, ya ce har gobe yana ba mutane labarin hannuna. Da zagina ya yi, da na ci kifin.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na faɗa wa Koci. Duka, har da ƙaryar ciki.

Ya tambaye ni wace kusurwa suka ba Anci. Na ce ta gaba, hannun dama. Ya girgiza kai ya ce marasa tausayi, shi ma can suka sa shi a gidan kawunsa. Ya kira likita.

Da la'asar muka haɗu da Anci a ƙofar ɗakin sauya kaya. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Baso." Shekara tara Kawu yake ce mini.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ɗaya da nema. Su suka ɗauki kofin.

Saura minti goma ƙwallo ta gilma ta gaban ragarsu a hankali, kamar tana neman wanda ta sani. Babu kowa a wurin. Anci yana can ƙarshen benci, ban waiwaya ba.

Laraba, 21 ga Mayu

A shagon gahawa an gama shari'ata. Wai tsohon mai tausa hannunsa ya mutu, wai da can ko gurgu ne sai ya tayar da shi. Na zauna a bayansu na saurara. Hujjojinsu ba laifi.

Bayan azahar Anci ya turo ƙofa ba sallama, ya kwanta rubda ciki a kan tebur. Na ɗumama mai. Na fi rabin awa ina tausa shi. Can, fuskarsa a cikin tawul, ya ce uwarsa ta ce yanzu rana tana shiga ɗakin girki da hantsi.

Sai ya tambaye ni yaushe zai koma fili. A da, in an yi mini wannan tambaya, cewa nake, yaushe kake so?

Na ce mako shida.

"Huɗu, Kawu."

Kamar cinikin kifi. Ya hau biyar, ya rantse, ya ce zan tsofar da shi a kwance. Na ci gaba da aikina, na ce shida.

Ban san daga ina wannan taurin kai ya zo mini ba. Ina jin tsufa ne.