Mai Sansana da Surukata

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025, Tambuwal

Alhamdu lillahi. Yau Oga Rufa'i ya kira ni bayan shago, ya miƙo mini kwali biyu, ya ce aikin Kebbe nawa ne, ni kaɗai. Wani ɗan garin ne ya gina ƙaramin asibitin haihuwa, da sola, da esi mai sanyaya ɗaki irin mai bututu, wanda iska ke bi ta cikin silin tana sauka ɗaki-ɗaki. Masu esi sun gama nasu sun koma Sakkwato, saura na'urar gano hayaƙi a jikin bututun. Shekara da shekaru ina gyaran fanka da soket, ina riƙe wa Oga tsani. Sai yau.

"Wagga aba hanci ce, Sirajo," in ji shi. "In ta ji hayaƙi sai ta kashe fanka, don kada iska ta raba shi ga mutane suna kwance. Ka yi aikin da za ka iya barci."

Na kira matata Zulfa, tana Fakku wurin iyayenta goyon ciki. Dariya ta yi mini: "Injiniya guda! To ka dinga cin abinci dai." Ko ba'a ce, na karɓa.

Alhamis, 10 ga Afrilu, Kebbe

Cikin silin kamar tanda. Na huda bututun wuri biyu, na zura siririn fayif mai ƙananan ramuka, shi ne ke ɗebo iska ya kai wa na'urar ta sansana. Dole ramukan su fuskanci inda iska ke tahowa. In ka juya su baya, abin zai zauna da kyansa yana ƙyafta kore, ba ya jin komai. Sai da na liƙa ɗan zare a bakin hudar na ga inda ya karkata kafin na ɗaure sukuru. Na toshe gefe da roba.

Wayarin ne ya ci mini rana. Waya biyu na wuta, biyu zuwa akwatin fanka, sauran zuwa ƙararrawa da maɓallin da na kafa kusa da teburin nas-nas. Na ja kowace waya da yatsa don in tabbata ta kamu.

Shugabar nas-nas, Sista Mu'minatu, ta tsaya a ƙarƙashin tsani tana kallon ƙafafuna. Ta ce, "Wai mene ne sunan abin?" Na fara zuba bayani, ta katse ni: "Mai sansana ke nan." Kafin azahar har maigadi haka yake kiranta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gwaji. Na kunna tsumma a cikin gwangwani na kara a bakin iska. Jar fitila ta kama, ƙararrawa ta ɗauka, fanka ta tsaya cak. Ban san sanda na ce Allahu akbar ba, har mai shara ta yar da tsintsiya. Oga ya ce a waya, "Madalla." Kalma ɗaya, amma wanda ya san Oga ya san an yi mini kyauta.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na biya Fakku. Zulfa ta yi nauyi, ƙafa ta kumbura, baki dai yana nan. Muna zaure sai ga mahaifiyarta za ta wuce. Na zube, kai a ƙasa. "Ina wuni, Inna." Ta amsa tana kallon bango, ta wuce da sauri kamar ita ce mai laifi. Haka muke tun da aka ɗaura aure: gaisuwa, shi ke nan. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon numfashi biyu ba. Mutuniyar kirki ce, ta aiko mini da gyaɗa ta hannun Zulfa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Zulfa ta haihu. Lokaci bai yi ba. Mace. Asibitin da na yi wa aiki aka kawo su. Sai gobe.

Litinin, 21 ga Afrilu

Bakwaini ce. Tana cikin kwalba a ɗakin jarirai, ta gilashin ƙofa ake leƙenta. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Sista ta ce huhunta bai gama ƙwari ba, amma tana da zuciya. Zulfa lafiya, za ta zauna nan saboda shayarwa.

Na ɗaga kai na ga iskar da ke sauka ɗakin ta bututun da na yi wa aiki take fitowa. Sai na ji hawaye. Ashe Allah ɗakin 'yata ya aiko ni in gyara ban sani ba.

Inna ta iso da la'asar a bayan a-kori-kura, da ƙatuwar tukunya da itace da ganyen darbejiya. Wankan jego ba ya jiran sallamar likita. Na ji suna ja-in-ja da Sista a kan zafin ruwa, na sulale ta ɗaya ƙofar.

Laraba, 23 ga Afrilu

Mai sansana ta fara ba ni kunya. Jiya da safe ta yi kuka, fanka ta tsaya. Da yamma ma haka. Yau ma haka. Ba wuta ko'ina, na duba kowane ɗaki. In na danna maɓalli ta ƙi sakin fankar sai ta ga dama.

Matsalar ita ce zafi. Fanka na tsayawa, ɗakin jarirai ya ɗauki ɗumi, ita kuma kwalba ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyaya. Jikin yarinya ya yi zafi har sai an buɗe kwalbar ana yi mata fifita da kwali.

Na hau silin, na bi waya ɗaya bayan ɗaya, na goge cikin na'urar, na sauya ta da ta ɗaya kwalin. Duk ɗaya. Kaina ya ɗaure.

Sista ta wanke ni tas a gaban mutane: "Malam Sirajo, ɗiyarka ce ciki, ba tawa ba. Ka cire wannan abin kafin ya dafa mana jarirai."

Na kira Oga. "Ba ta ƙarya," ya ce. "Nemi hayaƙin. Kada ka kuskura ka haɗe waya." Daga Tambuwal faɗin haka da sauƙi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na haɗe wayar.

Guntuwa ce, ba ta kai yatsa ba. Ka sa ta tsakanin sukuru biyu a akwatin fanka, ko na'ura ta yi ta ihu, iska ba za ta tsaya ba. Na cire ƙararrawa ma. Sista ta ce Allah ya yi mini albarka. Da rana ɗaki ya yi sanyi, yarinya ta yi barci, ni ma har na ci shinkafa.

Bayan la'asar na je leƙe. Wata nas ta buɗe ƙofa za ta fito, sai iskar ɗakin ta bugi fuskata. Warin itace. Ba shi da yawa, wanda ya wuni a ciki ba zai ji ba. Na dubi bango: jar fitila a kunne. Na dubi kwalba: ƙirjin nan yana sama yana ƙasa da sauri-sauri, Sista tana laluben robar iskar numfashi.

Ban san yadda na isa akwatin ba. Na fizge wayar, fanka ta tsaya.

Sai a lokacin hankalina ya ba ni abin da ya kamata in yi tun shekaranjiya. Duk bincikena a cikin gini na yi shi, alhali injin daga waje yake jan iska, ta wata taga mai raga a bayan ginin. Na zaga.

Inna ce. Duwatsun murhu uku daidai ƙarƙashin tagar, tukunya na tafasa, ɗanyen itace na tuƙa hayaƙi. Tana ba wata mata labari, ba ta gan ni ba: "Wurin ga albarka gare shi. Ga inuwa, ga tagar ga da ka shanye hayaƙi. Tunda niz zo ko idona bai yi ja ba. Amma yanzun ga ta daina sha, ban san mi as same ta ba."

Na durƙusa. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yawwa," tana kallon tukunya. Na tashi na tafi.

Wallahi na tafi. Bakina ya ƙi. Ta yaya zan dubi matar da ta ba ni 'ya in ce hayaƙinki ne ke shaƙe jikarki? In na gaya wa Sista, maigadi za ta sa ya watsa murhun a gaban matan Kebbe, Inna ba za ta sake ɗaga kai a Fakku ba. Zulfa kuma na tarar tana kuka nono bai kawo ba, ban iya ƙara mata ba. Na ce gobe zan riga kowa zuwa in ɗauke duwatsun, a ce aljanu ne.

Numfashin yarinya ya daidaita kafin magariba. Na gode wa Allah, na gode wa mai sansana, ita kaɗai ce ba ta ji kunyar kowa ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wa zai riga mai dafa ruwan jego tashi? Ina isowa na tarar wuta ta kama, fanka a tsaye, nas biyu suna fifita, Sista ko kallona ba ta yi ba. Zulfa na jingine da ƙofar gilashi, ta ce, "Sirajo, ka yi wani abu mana."

Na zaga baya. Na durƙusa kamar kullum, amma ban tashi ba. Na kafa ido a kan takalminta. Muryata kamar ta wani.

"Inna, ki yi mini aikin gafara. Tagar nan ba shanye hayaƙi take ta zubar ba. Ɗakin yarinya take kai shi."

Itace na ƙara.

"Ɗakin wa?"

"Ɗakin jarirai, Inna. Shi ya sa fanka ke tsayawa."

Ta naɗe hannu da gefen zane, ta kama tukunyar nan da ni kaina ba zan ɗaga ba, ta tuntsurar da ita a kan wutar. Ruwan da ta ɗebo da kanta tun asuba. Tururi ya rufe mu.

Da ya lafa sai na ga takalman sun juyo sun fuskance ni.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun jiya da yamma."

"Kag gan ni nan, kag gaishe ni, kat tahi?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Kunyata kaka ji, ɗiyarka na shan hayaƙi?" Muryarta ta karye. "Ni ma uwa ce, yaro. Gobe in ka ga zan yi ɓarna, ko cikin kasuwa ne ka kira ni da ƙarfi."

Na danna maɓalli, kore ya dawo, fanka ta tashi. Na gaya wa Sista komai, har da Inna. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta hango tsohuwar tsaye a ƙofar gilashi tana share ido da mayafi. Ta haɗiye maganarta.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sabon murhu can gindin katanga, inda iska ke kai hayaƙi gona. Ni na ɗauki duwatsun, Inna na nuna mini wuri. Na sayi fenti na ja layi a ƙasa a kewayen tagar, maigadi ya ce shi zai tsare. Fanka ba ta tsaya ba yau ko sau ɗaya. Na gaya wa Oga zancen guntuwar wayar. Ya ce, "Tunda kai kac cire ta da kanka, shi ke nan. Kawo kayan aikina in ka dawo, akwai wani aikin a Dogon Daji."

Gobe suna. Umaima.

Lahadi, 11 ga Mayu, Fakku

An sallame su. Ta yi kumatu kaɗan, tana kuka da ƙarfi har maƙwabta na tsokanar Zulfa wai gado ne. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Na tarar an sa kaskon turaren wuta a ɗakin mai jego, ƙofa a rufe. Daga tsakar gida na ɗaga murya: "Inna, wannan kaskon fa?" Sai da maganar ta fita na ji ta. Matan gidan suka juyo suna kallona. Inna ta fito da kaskon a hannu tana mita: "To, mai sansana, an fitar." Ta dire mini kwanon tuwo nan gabanta, ta zauna a kan turmi tana ba ni labarin tsadar icce.

Tuwon dawa ne, miyar kuka, gishiri ya ɗan yi yawa. Na gaya mata.

Sai a kan babur, wajen fita gari, na tuna wa na zauna na ci abinci a gabanta. Ba wani abu ba ne. Yunwa ce kawai.